Tsinken tsintsiya, kanti, dara ko waya: da me za a sa yaro ya so lissafi?

Ana saura mako biyu a koma lakwal, wato makarantar boko, ƙanwata da ke aure a unguwar Zariya a nan Maradi ta shigo gidanmu da kayen ɗiyarta, littafinta na rubutu, a hannu. Yarinyar ta gama CE1, aji uku na firamare, za ta shiga CE2, aji huɗu. Ko zama ba ta gama yi ba ta buɗe mini wani shafi da jan biro ya cika. An rubuta 42 a cire 17, yarinyar ta sa 35. A ƙasa 61 a cire 24, ta sa 43. Haka har ƙarshen shafi.

"Yaya, na ɗauki adashi, jika goma na ware saboda ita. Babanta ya ce a ɗauko malami ya riƙa zuwa da yamma. Maƙwabciyata ta ce in ƙara kuɗi in saya mata ƙaramar kwamfutar hannu ta yara. Ni kuma na ga wani allo mai ƙwallaye a kasuwa. Kai ka yi koyarwa, gaya mini wanne zan yi. Da an ce lissafi sai ta fara kuka."

Na kira yarinyar na ce, "Zo nan, 'yar Kawu. An aike ki da dala arba'in da biyu, kin sayi abu na dala goma sha bakwai. Nawa za ki maido wa Inna?" Ta kalli sama, leɓenta na motsi, ta ce ashirin da biyar. Na ce yaya kika yi? Ta ce, "Sha bakwai zuwa ashirin saura uku, Kawu. Ashirin zuwa arba'in da biyu, ashirin da biyu ne. In an haɗa, ashirin da biyar." Tambayar da ta faɗi a kaye ita ce ta amsa a tsaye, ba alli ba takarda.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1985 wasu masu bincike sun wallafa abin da suka gani a birnin Recife na Brazil: yara masu talla suna yin lissafin ciniki daidai a bakin titi, amma in an rubuta masu lissafin nan a takarda sai su yi ta faɗuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa sayen gujiya ko dafaffen zogale wurin 'yar talla a babbar kasuwar Maradi ran Litinin ko ran Juma'a ya ga irinsa da idonsa. Yarinyar ƙanwata ta san lissafi. Abin da ba ta sani ba shi ne cewa 4 ɗin da ke cikin 42 goma huɗu ne. A idonta 4 da 2 maƙwabta ne kawai, shi ya sa in ta ga 2 a sama 7 a ƙasa sai ta cire ƙarami daga babba ta wuce. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Gwajin PASEC na 2014, na auna karatu da lissafin 'yan firamare, wanda aka yi a ƙasashen Afirka goma, ya nuna cewa a Nijar ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare bai kai matakin da ake so a lissafi ba. Na 2019 ya nuna an matsa gaba, amma mafi yawan yara suna nan a baya.

To, da wannan ma'aunin nake auna duk abin da za a kawo mini a ce zai sa yaro ya so lissafi. Yana nuna wa yaro goma a matsayin abu guda da za a iya ɗaurewa a kwance? Yana sa shi buɗe baki ya faɗi yadda ya yi? Kuma in an gama wasan, akwai hanyar da za ta kai shi ga alli da allo? Daɗin da yaro ke ji a lissafi ba daga launi ko kiɗa yake zuwa ba. Yana zuwa ne ranar da ya gane abin da yake yi, ya ga amsa ta fito a hannunsa ba wanda ya gaya masa.

Zan fara da wanda ƙanwata ba ta ambata ba, don ba a sayar da shi: tsinke. A samo tsohuwar tsintsiya ko siraran sillen kara, a yanka tsawon ɗan yatsa biyu, kamar ɗari da hamsin. A samo robar ɗaure kuɗi ko zare. Doka ɗaya ce tak, kuma ba a karya ta: duk lokacin da tsinke ya kai goma, a ɗaure shi ya zama dami. Yaron Maradi ba ya buƙatar a yi masa bayanin dami. Ya ga damman hatsi a amalanke lokacin kaka, ya san ana ƙirga su da dami ba da zangarniya ba, wataƙila ma ya ji kakansa yana cewa a kowane dami goma a fitar da ɗaya na zakka. Abin da lakwal ke kira gidan gomomi da gidan ɗaiɗai, ga shi nan a tsakar gida.

Ga yadda 42 a cire 17 ke tafiya. Yarinya ta ajiye dami huɗu a hagu, tsinke biyu a dama. Ka ce mata ta ba ka goma sha bakwai. Za ta miƙo dami ɗaya ba wahala. Sai ta zo kan bakwai, ta ga biyu kawai gare ta. A nan babba ya kama bakinsa. Wannan shirun shi ne darasin gaba ɗaya, kuma shi ne abin da ya fi yi wa iyaye wuya, don tausayi kan sa mu faɗi amsa. In aka bar ta, da kanta za ta ce, "In kwance ɗaya?" Ta kwance, ɗaiɗai suka zama goma sha biyu, ta ba da bakwai, biyar suka rage, damma biyu suka rage. Ashirin da biyar. Sai a ce ta rubuta a allo abin da hannunta ya yi. Ba washegari ba, a zaman nan. Yaran da suka yi wata suna wasa da tsinke ba a taɓa sa su rubutawa ba, na sha ganinsu: gwanaye ne a tabarma, amma in an ba su takarda sai su koma kuskurensu na da, don a ransu tsinke daban, kaye daban.

Akwai abin da ya kamata iyaye su sani a nan. Da yawa daga cikinmu a lakwal an koya mana cirewa ta wata hanya: a ƙara goma a lambar sama, a sauko da ɗaya a ƙara wa lambar ƙasa ta gidan gaba. Amsa ɗaya take bayarwa, amma ba ita ce labarin kwance dami ba. In yaro na ganin wata hanya a aji wata a gida ba wanda ya ce masa duka biyu daidai ne, zai rikice. A duba kayensa, ko a je a gaida mushe, wato malamin ajinsu, a tambaye shi wace hanya yake bi. Ni ina barin yaro ya ƙware a kwance dami tukuna, sannan in nuna masa ta aji in ce ga gajeriyar hanyar da malaminka ke so, gwada da tsinke ka ga ko amsar ta yi daidai.

Tsinke yana da wani amfani da ban cika jin ana faɗa ba. Ƙirgan Hausa a fili yake: goma sha ɗaya, goma sha biyu, talatin da huɗu. Kunne na jin gomomi da ɗaiɗai. Tsofaffi ma har yau wasu kan ce gomiya uku maimakon talatin, wato dami uku ke nan ba ɓoye-ɓoye. Faransanci kuwa daga onze zuwa seize ba goma a ciki da kunnen yaro zai kama, sannan a zo saba'in a ce sittin da goma, a zo 97 a ce quatre-vingt-dix-sept, huɗu, ashirin, goma, bakwai. Yaro ɗan shekara bakwai da bai iya harshen ba, a karanta masa wannan a ce ya rubuta, ba mamaki ya sa 4, ya sa 20, ya tsaya yana kallon mushe. In dami tara da tsinke bakwai na gabansa, sai ya faɗa da Hausa, ya rubuta 97, sannan a ba shi sunan Faransancin a matsayin suna kawai. Ba laifi ba ne a yi lissafin gida da Hausa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da harsunan gida a makarantun ƙasar nan, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Inda tsinke ke da rauni: ba ya koyar da kansa. In ba babba ko yaya a zaune, minti biyar ya isa ya zama takobi ko ya shiga murhu. Kuma in lamba ta wuce ɗari biyu ko uku sai ya zama tarkace. Ana iya ɗaure dami goma su zama babban dami na ɗari, amma daga nan ya fara gajiya. Marafan kwalba, 'ya'yan tsamiya, ƙwallon dabino da ƙananan duwatsu sun fi shi daɗin rabawa da jerawa, amma ba sa ɗauruwa, sai dai a zuba goma-goma a kwalin ashana ko a ƙulla a leda. Aya da gujiya ban ba da shawara ba, ko da yake ƙasarmu ce gidansu. Kafin a gama darasi an cinye rabin lissafin, kuma yawancin gidaje ba sa son a mai da abinci abin wasa. In akwai mai rarrafe a gidan a kula ƙwarai, ƙananan abubuwa baki da hanci suke nufa.

Na biyu shi ne wasan kanti. A jera gwangwanin tumatir da na madara da babu komi ciki, kwalin shayi, ledar sabulu, a sa masu farashi, yaro ya zama mai tebur, Inna ta zo saye. Cikin duk abubuwan da zan lissafa babu wanda yara ke so kamar wannan, don aikin manya ne aka ba su. Kuma babu wanda ke da tarko kamarsa, saboda dala.

Mu a nan ba da tamma, wato faran ɗin CFA, muke ciniki ba, da dala muke yi, dala kuwa tamma biyar ce. Ƙwandalar da aka rubuta wa 100 dala ashirin muke ce mata. Mai 25 dala biyar, mai 50 dala goma, mai 250 dala hamsin, mai 500 dala ɗari, takardar 1000 kuma jika, dala ɗari biyu. Babba ya saba har ba ya lura. Amma ka sa kanka a matsayin ɗan CI, aji ɗaya, da aka koya wa yau cewa 1 da 0 da 0 ɗari ne, ya dawo gida aka miƙa masa ƙwandala mai wannan rubutun aka ce ga ashirin je ka sayo ƙosai. Ido na cewa ɗari, kunne na cewa ashirin. Ga kuma naira da ke yawo a hannun masu zuwa Ɗan Isa da Jibiya, da nata ƙirgan daban. Shi ya sa ga yaron CI da CP, aji ɗaya da aji biyu, nake cewa kada a yi kanti da kuɗin gaske. A yi da marfin kwalba: marfi ɗaya dala ɗaya, kwalin ashana mai marfi goma dala goma, shi ke nan.

Amma daga CE1 zuwa sama, abin da ya kasance tarko sai ya zama dukiya. Yaron da ya san dala ashirin ita ce 100, dala saba'in ita ce 350, yana ninkawa da biyar yana rabawa da biyar kullum bai sani ba. Sai a fito masa da shi fili: a yanka takardu, a rubuta tamma a fuska ɗaya, dala a ɗaya fuskar. Mai saye ya yi magana da dala, mai kanti ya rubuta rasit da tamma. Ban san wata hanya da ta kai wannan saurin sa jadawalin biyar ya zauna a kan yaro ba. Daga nan a shigo da tiya, kwanon awon hatsi: buhu mai tiya arba'in, tiya ɗaya dala kaza, nawa buhun? An sayar da rabi, saura tiya nawa? Canji, riba, faɗuwa, bashi, duk suna shiga. Rauninsa ɗaya ne babba: lissafin ka yake ƙarfafawa, wanda yaranmu da ma sun iya. In ba a tilasta rubuta rasit ba, an yi nishaɗi amma kaye bai amfana ba.

Sai wasanni. Nan ina so in bambanta, don ana yawan cewa a bar yara su yi dara za su iya lissafi, kuma maganar rabinta ne gaskiya. Dara gurbi talatin ce, layi biyar shida-shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa. Tana koya wa yaro haƙuri, da hangen abin da zai biyo baya, da tunanin "in na yi nan shi zai yi can". Wannan tunanin lissafi ne na gaske, kuma ina so kowane yaro, mace da namiji, ya iya ta. Amma ba za ta gyara 42 a cire 17 ba. Abin da za a iya tatsa daga gare ta kai tsaye shi ne gurabun kansu: a sa yaro ya haƙa su, a tambaye shi nawa ne ba tare da ya ƙirga ɗaya-ɗaya ba. Ya tsaya ta nan ya ga biyar sau shida, ya zagaya ta can ya ga shida sau biyar, gurabun ba su canza ba. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya rage wa kansa kusan rabin haddar jadawali. Carabke ma haka: kwasar duwatsu bibbiyu, uku-uku, da abin da ya rage, ƙofar rabawa ce in an tsaya an tambaya, in ba a tambaya ba wasan hannu ne kawai.

Wasan da ya fi amfani ga ƙanana shi ne mafi sauƙi. A zana dogon layi a ƙasa mai gidaje daga 1 zuwa 10, daga baya zuwa 20 ko 30, kowane gida da lambarsa, a yi tsere da dutse ko da ƙafa kamar 'yar gala-gala. A 2008 wasu masana biyu a Amurka, Geetha Ramani da Robert Siegler, sun gwada irin wannan da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar na gidajen talakawa. Zama huɗu kawai aka yi cikin mako biyu, kowanne bai wuce minti ashirin ba. Yaran da suka yi wasa a layi mai lambobi sun fi waɗanda suka yi a layi mai launuka iya gane lamba da sanin wadda ta fi girma, kuma bayan mako tara bambancin na nan. Sirrin yana cikin abin da yaro ke faɗa: in yana gida na 6 aka ce ya taka biyu, ba "ɗaya, biyu" zai ce ba, "bakwai, takwas" zai ce. Na san gidaje da yawa a garin nan ba sa yarda da lido da karta, don kamanninsu da caca, kuma ba sai an yi jayayya a kan haka ba. A rubuta 1, 2, 3 a 'yan takardu a zuba a ƙwarya, yaro ya rufe ido ya zaro. Aiki ɗaya suke yi.

Yanzu kayan saye. Allo mai ƙwallaye da ƙanwata ta gani, mai layi goma kowanne da ƙwallo goma, ba shi da laifi. Ba ya watsewa, ƙaramin yaro ba zai haɗiye shi ba, kuma yana nuna ɗari a kallo ɗaya. Matsalarsa ana amfani da shi hanya biyu: wani ya ɗauki kowane ƙwallo ɗaya ne, wani ya ce layin farko ɗaiɗai, na biyu gomomi, na uku ɗaruruwa. A hanya ta biyu ƙwallo ɗaya ya zama goma don kawai an ce haka, alhali kamarsa ɗaya da na ƙasansa. Yaron da bai gane gomomi ba, wannan bai warware masa komi ba, an dai sauya masa wurin rikicewa. Dami kuwa goma ne da gaske, in ya yi shakka ya kwance ya ƙirga. Kayan da Maria Montessori ta tsara bayan ta buɗe makarantarta a Roma a 1907 ma wannan tunanin ne: ƙwallo ɗaya, sanda mai goma, faranti mai ɗari, dunƙule mai dubu. Suna da kyau, suna da tsada, kuma har zuwa ɗari tsintsiya na yin aikinsu. Kayan roba masu launi da ƙararrawa da hoton dabbobi kuwa, yaro kan shagala da kyansu ya manta da lamba.

Abin saye da ba na jayayya a kansa shi ne allon lakwal da alli, da tef ɗin awo irin na tela. Allo saboda kuskure a kansa ba ya zama, a goge a sake, ba jan biro. Tef kuma saboda awo fanni ne da tsinke ba ya taɓawa. A sa yaro ya auna tabarma da takinsa, babansa ya auna da nasa, lamba ta bambanta, a tambaye shi wa ya yi kuskure. Daga wannan gardamar zai gane dalilin da ya sa aka yi mita. A auna rake a raba shi biyu, a raba huɗu. Rabi da rubu'i da sulusi kalmomi ne da yake ji a gida da makarantar allo tun kafin lakwal ta rubuta masa su da layi a tsakani.

Waya da kwamfutar hannu. Ba zan ce ba su da amfani ba. Ga yaron da ya riga ya gane, yana buƙatar maimaici ne kawai don jadawali ya zauna, manhaja ba ta gajiya ba ta tsawa, kuma nan take take gaya masa ya yi daidai ko bai yi ba. Amma ga wanda bai gane ba, sai ya koyi dannawa har a dace. Na zauna kusa da wani yaro yana irin wannan wasan: amsa huɗu a fuskar waya, ya danna ta farko aka yi ƙara, ya danna ta biyu aka yi tafi, ya wuce, kuma da na tambaye shi me aka tambaya bai sani ba. Yawancin manhajojin da Faransanci ko Ingilishi suke magana, sai nauyin ya zama biyu. Ga caji, ga kuɗin intanet, ga gilashi a hannun ɗan shekara takwas a gida mai yara shida, ga zafi da ƙurar bazara. Sannan wayar da aka saya don lissafi ba ta daɗewa ba ta koma ta kallon bidiyo ba. Ga ƙanana sosai ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa 'yan shekara biyu zuwa huɗu kada su wuce awa ɗaya a rana gaban irin waɗannan na'urori. In akwai waya a gidan, a ara wa yaro minti goma bayan an gama da tsinke. A ci bashi ko a ƙarar da adashi don sayen sabuwa saboda lissafi, ban goyi baya ba.

Malamin yamma shi ne zaɓin da ya fi kowanne iya yin kyau, ya kuma fi kowanne iya ɓata kuɗi, don kowane wata ake biya. In aka dace da wanda zai zauna ya gano inda yaro ya tsaya, ya koma can ya fara, ko da yaron na CM1 ne, aji biyar, matsalarsa ta CP, to babu na biyunsa. Wannan shi ne tushen tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, na koyar da yaro daidai matakinsa ba daidai ajinsa ba, kuma su ma da damman tsinke suke aiki. Amma da yawa abin da suke yi shi ne maimaita darasin safe da yamma, da harshe ɗaya da hanya ɗaya, ga yaron da ya gaji, wataƙila kuma ga makarantar allo na jiransa. Abin da bai shiga da safe ba don an rasa tushe, ba zai shiga da la'asar ba don an ƙara murya. Kafin a yi ciniki da malami a roƙe shi a zauna a ga darasi ɗaya. A lura: wa ya fi yin magana, shi ko yaron? In yaro ya yi kuskure, yana tambayarsa yadda ya yi, ko gogewa kawai yake ya rubuta daidai? Zai yarda ya yi bayani da Hausa? In aka kawo masa tsinke, zai karɓa ko zai ga raini ne? Wanda ya riƙe bulala kuwa, ko kyauta zai yi a ba shi haƙuri. Yarinyar da ke kuka in an ce lissafi, tsoro ne ya riga ya shige ta, ba a kuma cire tsoro da abin da ya kawo shi.

Saboda haka amsar ta danganta da inda yaron ya tsaya, kuma gano wurin ba ya ɗaukar minti goma. In bai kai CP ba, ko yana rikita wace lamba ta fi wata, layin tsere a ƙasa da duwatsun ƙirga sun ishe shi. In yana ƙirga daidai amma ka rubuta 42 ka nuna 4 ka ce nawa ne wannan ya ce huɗu, to tsinke, ba wani abu ba, kullum minti goma sha biyar har sai ya daina buƙatarsa. Zai daina, ranar da ya ce "bari, na gani a kaina", a ajiye damman kada a tilasta. In ya wuce nan, ninkawa da rabawa ne suka tsaya masa, kanti mai dala da tamma da gurabun dara. In duk ya gane sauri ne babu, nan waya ke da wuri. Malami kuma sai in babu kowa a gidan da zai iya zaman minti goma sha biyar ɗin. Ba sai mai ilimin boko ba. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba amma tana sayar da fura tana ba da canji ta iya duk abin da na faɗa a kan dami. Rubutun ne kawai za a nemi wani yaya ko 'yar maƙwabta ta CM2, aji shida, ta duba.

Ƙanwata ta ce, "To Yaya, jika goman fa?" Na ce ta sayi allo biyu, kwalin alli, tef ɗin tela da ƙullin roba, sauran ta riƙe har a yi wata biyu da komawa, in ba a ga canji a kaye ba sai mu nemi malami tare. Allo na biyun nata ne, don in yarinya na rubutu ita ma ta riƙa yin nata, wani lokaci ta yi kuskure da gangan a kama ta.

Kafin su tafi na ciro tsohuwar tsintsiya a bayan ɗaki muka yanka. Yarinyar ce ta ɗaure damman da kanta, goma sha huɗu, da tsinke shida da suka yi saura. Na rubuta mata 61 a cire 24 a ƙasa da yatsa. Ta jera dami shida da tsinke ɗaya, ta miƙo mini dami biyu, ta tsaya tana kallon tsinke ɗayan nan. Uwarta ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu. Can sai yarinyar ta ɗauki dami ta fara warware robar. Da ta gama ta ƙirga abin da ya rage, ta rubuta 37 kusa da rubutuna, sannan ta jawo kayen ta duba 43 ɗin da ta sa a baya. Ta ce, "Kawu, ba ni wani, amma mai wuya."